Damben da Muka Yi a Gaban Baba

Ranar wata Alhamis ce da la'asar, cikin daminar shekarar da nake aji shida na firamare. An yi ruwa da hantsi ya ɗauke, ƙasar tsakar gidanmu da ke Ƙofar Marusa ta yi laushi tana ƙamshi. Inna da Yaya Kabiru sun cicciɓo Baba daga ɗaki sun zaunar da shi a tabarma ƙarƙashin bishiyar bedin da ke bakin rijiya, aka tokare bayansa da matashi, aka ajiye masa ƙwaryar fura a gefe. Tun azahar furar take nan har ta fara tsinkewa, ƙudaje na bin faifan da aka rufe ta da shi. Ni da Yaya kuwa muna bakin garken tumaki muna musu a kan wanda zai je yankan ciyawa. Na ce jiya ni na je, ya ce ƙarya nake yi. Na jefar da lauje a gabansa, ya tsallake shi ya shaƙo wuyan rigata. Ban san lokacin da na kai masa naushi a ƙirji ba, shi kuma ya mayar mani da wanda ya fi shi a baki. Muka kaure da faɗa irin wanda ba mu taɓa yi ba, faɗan yaran da suka daɗe suna haɗiye abu a ciki. Muna cikin haka muka ji wani sauti daga ƙarƙashin bedi, ba magana ba, ba kuma tari ba, wani gurnani ne mai kauri. Muka waiwaya. Baba ne ya ɗago kai daga matashi, idanunsa tar a kanmu, yana dukan ƙasa da tafin hannunsa na hagu.

Inna ta fito daga madafi da muciya a hannu da niyyar ta raba mu da ita, sai ta ga abin da muka gani. Ta tsaya cak. Tun farkon bazara Baba bai ƙara kallon kowa ido cikin ido ba, ko ita. Ta ajiye muciyar a hankali kamar mai tsoron kada ƙararta ta kori wani tsuntsu, ta durƙusa kusa da shi, ta buɗe ƙwaryar ta ɗebo fura a ludayi ta kai bakinsa. Ya buɗe baki ya sha, bai ko dube ta ba, mu yake kallo. Ta ƙara, ya sha. Jini na zuba daga leɓena yana ɗiga a rigata, amma ban motsa ba, Yaya ma bai motsa ba, har sai da muka ji ludayi yana kankarar gindin ƙwarya.

Sai wanda ya san Baba kafin ciwo zai gane abin da wannan ƙwarya ta zama a wurinmu. Mahauci ne, fawa ita ce gadon gidanmu, amma a cikin birni ba da wuƙa aka san shi ba, da hannun dama aka san shi. Mamman Tsawa ake ce masa a fagen dambe. Kafin in yi wayo ya daina shiga fage, sai dai kullum bayan la'asar samari sukan taru masa a wani fili da ke bayan ganuwa yana koya musu. Mu kuma in mun gama cika buhun ciyawa sai mu hau tudun ganuwar mu zauna a kan buhunan muna kallo. Yakan sa su gudu har sai harshe ya fito, ya sa su dukan buhun yashi da ya rataya a reshen wata tsamiya, ya gyara wa kowa tsayuwa. Amma ba a taɓa watsewa ba sai an yi gwaji. Zai nuna biyu da yatsa, su ɗaure hannu da tsumma da igiya, su fuskanci juna, kuma ba wasa ba, dambe sosai, har sai hannu ko gwiwar ɗaya ta taɓa ƙasa, abin da 'yan dambe ke kira kisa. In wani ya yi ƙorafi ya ce gara a bar shi da buhu, sai Baba ya ce, "Buhu ba zai rama ba, to mi zai koya maka?" In kuma ya ga wani yana sassauta wa abokinsa, sai ya daka tsawa: "In kana tausayinshi ka buge shi da gaske nan gida, don na waje ba zai tausaya mashi ba!" Mu 'ya'yansa kuwa bai taɓa barin mu mu yi gwaji ba. Ya ce ƙashinmu bai yi ƙwari ba tukuna. Wani ɗan ƙaramin buhu ya rataya mana a zaure, shi muke duka in mun dawo daga makaranta, muna yi wa kanmu kirari.

A kwata, inda ake yanka, ya faɗi, wata safiya, yana tsakiyar fiɗar wani sa. Kawu Sale, ƙanensa da suke tebur ɗaya a kasuwa, shi ya kai shi asibiti. Aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Da aka sallamo shi, ɓarin dama duk ya mutu, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likita ya ce wa Inna a kula da abincinsa da maganinsa, a riƙa motsa masa gaɓoɓi, a riƙa yi masa hira, wataƙila harshen ya saki. Amma Baba ya juya fuska ga bango. Babu abin da Inna ba ta dafa ba: kunun gyaɗa, farfesun kai, tuwon dawa da miyar kuka ta sha man shanu irin yadda yake so. Sai ya datse haƙora. In ta matsa da lallashi ya karɓi cokali ɗaya ko biyu, shi ke nan na yinin. An karɓo rubutu, an yi tofi, wata gwaggonmu ta aiko da sassaƙe daga ƙauye. Hannun nan da maza ke gudu ya koma kamar muciya, Inna ke ɗaga shi ta goge ta ajiye. Wata rana na ji Kawu Sale yana faɗa mata a ƙofar zaure, murya ƙasa-ƙasa, "Ba ciwon ne zai kashe shi ba, Binta. Duniyar ce ya ƙi." Gidanmu ya yi tsit. Muka daina fita langa, muka daina ƙwallon ƙofar gida, ko guga muke sakawa a rijiya sai mu sassauta igiya don kada ta yi ƙara.

Washegarin faɗanmu, muna bayan ganuwa muna yankan ciyawa, Yaya Kabiru ya tsugunna kusa da ni. Ya girme ni da shekara uku, tuni ya fara bin Kawu kasuwa da safe, kafaɗunsa sun fara buɗewa. Ya ce, "Nuhu, ka ga abin da na gani jiya?" Na ce na gani. Ya ce to yau ma za mu yi, amma na wasa, zai riƙa kai hannu yana tsayarwa, ni kuma in riƙa yin kamar ya same ni. Muka yi ta gwadawa a cikin ciyawa har muka ga ya yi kyau. Da la'asar aka fito da Baba, muka yago tsohon zanen Inna muka naɗe hannuwanmu na dama, muka tsaya a gabansa muka miƙa hannun hagu kamar yadda muka ga samarinsa suna yi. Ya ɗago kai. Inna ta matso da kwanon kunu. Yaya ya kawo hannu, na yi baya da kai ina nishi, na kai masa nawa ya yi tangal-tangal na ƙarya. Baba ya dube mu na ɗan lokaci, sannan ya lumshe ido, ya mayar da kai kan matashi ya juya fuska ga katanga. Inna ta kai cokali, ya datse haƙora. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon hannun maza, shi muke so mu yaudara da wasan yara.

Yaya ya matso kusa da kunnena. "Ya gane. Sai dai a yi da gaske." Na ɗaga hannun hagu. Naushin farko a goshi ya same ni, na ga wani haske. Na biyu a haƙarƙari, numfashina ya tsaya. Na kai nawa ido rufe na sami iska. Na ukun ya zaunar da ni daɓas a cikin taɓo. Ina zaune ina neman numfashi na ji ƙarar tafin hannu a ƙasa. Baba ya juyo, yana nuna ni da haɓa, yana ɗaga hannunsa na hagu daidai fuska, wato garkuwata ce ta faɗi. Na tashi muka sake. Ranar ya shanye kunun, ya haɗiye maganinsa ba gardama. Inna tana ba shi, amma ta juya mana baya, ba ta yarda ta kalle mu ba. Ina ganin yadda kafaɗarta ke zabura duk lokacin da ta ji hannu ya sauka.

Daga nan abin ya zama na kullum. In ba a yi dambe ba Baba ba ya cin abinci, in an yi na wasa ba ya ci, sai in ya ga gaske. Ni kuwa na shiga wani hali da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin. Tun daga farkawa nake lissafin la'asar. Ina ɗebo ruwa ina cika randa ina tunaninta, ina kwaɓa wa tumaki dusa ina tunaninta, in an aike ni kai niƙa sai in bi doguwar hanya kamar hakan zai tsayar da rana. A makaranta ina zaune a benci amma ba na jin abin da ake faɗa. In an fita tara, yara na rububin mai awara da mai rake, ni sai in raɓe a bayan aji don leɓena ya fashe ba na iya tauna komai. Malamin lissafi ya taɓa tsayar da ni ya tambayi abin da ya sami idona, na ce rago ne ya tunkuye ni. Ya ce wannan ragon naku da alama yatsu gare shi, ya bar ni na wuce. A makarantar allo in na buɗe baki zan yi karatu sai ɓawon ciwon ya tsage, in riƙa haɗiye jini tare da ayoyi. In na ji ladan ya kira la'asar sai in roƙi Allah ya raba ni da ita. Na sha tsayawa a zaure takalmi a hannu, ina cewa yau zan gudu gidan gwaggo in ɓuya, sai in leƙa in ga Inna ta riga ta shimfiɗa tabarma tana fifita kwanon abinci, in ajiye takalmin in shiga.

A cikin wannan wahala ne na koyi abin da buhun zaure bai taɓa koya mani ba. Na yi shekaru ina dukan buhun nan, na ɗauka na iya, ashe ko buɗe ido ban iya ba. Duk lokacin da hannu ya taho sai in runtse, kuma in ka runtse ka gama. Baba yakan buga ƙasa ya nuna idonsa da yatsa, ya sake nunawa, har ransa ya ɓaci. A hankali na daina runtsewa, ba don jarumta ba, sai don na gane wanda ban gani ba ya fi zafi. Na gane cewa kafin hannun Yaya ya taso, kafaɗarsa takan ɗan nutse. Na gane in na riƙe numfashi nakan gaji tun ba a je ko'ina ba. Na gane tsoro ba ya tafiya, sai dai ka koyi tsayuwa da shi a cikinka. Wata la'asar na ja da baya na harɗe ƙafafu na faɗi ba tare da an taɓa ni ba. Baba ya yi ta dukan ƙasa, wuyansa ya kumbura, bakinsa na motsi, miyau na zuba, can sai muka ji ya ce, "Ƙa… ƙafa!" Kalmarsa ta farko ke nan tun ranar kwata. Inna ta saki cokali ta rufe fuska da gefen zane tana salati. Ni ina kwance a ƙasa ina kuka, ban san ko na murna ne ko na ciwo ba.

Na daɗe ina ganin ni kaɗai nake shan wuya, ashe Yaya nasa ya fi nawa. Ya sha gwada rage ƙarfin hannu a ɓoye, amma ko kaɗan ya rage sai Baba ya kau da kai, dole ya ƙara. Bayan an gama, shi yake ɗora ruwa a murhu, ya ja ni bayan garke ya tsoma tsumma ya riƙa gasa mani fuska. In Kawu ya ba shi ɗan yankin hanta a kasuwa, sai ya gasa ya yayyanka ƙanana yadda zan iya haɗiyewa ya ba ni duka. Sau ɗaya ya taɓa yi mani maganar abin, ya ce, "Don Allah ka riƙa ramawa da ƙarfi. In ka same ni nakan ji sauƙi." Sai daga baya na lura shi ma ya rame, don duk ranar da ya kumbura mani ido ba ya iya cin tuwon dare.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da abin ya faru. Na ga kafaɗarsa ta nutse, na sunkuya, amma na sunkuya ɓangaren da bai kamata ba, hannun ya sauka a kan kunnena na hagu. Na ji wani abu ya fashe a cikin kaina, sannan duniya ta yi shiru, sai wani siririn kuka kamar na sauro. Da na taɓa wuyana na ji ɗumi. Inna ce ta fara gani. Ta yi wuf ta shiga tsakaninmu da Baba, ta kāre ni da jikinta don kada ya gani, ta tura ni ɗaki. Washegari ta kai ni asibiti, aka duba aka ce fatar cikin kunnen ce ta huje, aka ba ni magani, aka ce kada ruwa ya shiga, kada kuma a sake bugun wurin. Muna dawowa ta tattara tsummokaran nan ta cusa su a murhu. Ta dube mu, idanunta jawur, ta ce, "An gama. Ba zan ba da ɗiyana in karɓi ubansu ba. Wanda Allah ya bar mani a cikinku, na gode."

La'asar ta yi, aka fito da Baba. Ya duba inda muke tsayawa, babu kowa. Ya buga ƙasa, ya sake bugawa, ya nemi Inna da ido. Ta ce masa yara sun gaji. Ya daɗe yana kallon filin, sannan ya juya ga katanga. Ranar bai ci ba, washegari ma haka. Kawu Sale ya ce bari ya kawo samarinsa na da su yi a gabansa, ai sun fi mu iyawa. Aka ɗauko Baba aka kai shi zaure, biyu daga cikinsu suka shigo suka durƙusa suna gaishe shi, suna yi masa kirarinsa na fage. Yana ganin su ya ɗaga hannun hagu ya rufe fuskarsa, ya ƙi saukewa har suka fita suna share hawaye. Ba ya son waɗanda suka san Tsawa su ga abin da ya rage. Daga ranar ko ruwa sai an ɗiga masa. Idanunsa suka faɗa, ɗan ƙarfin da ya fara samu ya zube, kalmar nan guda ma ta koma inda ta fito. Inna ta daina dafa abin kirki, ta yini zaune bakin ƙofar ɗakinsa da carbi. Ina jin 'yan dubiya mata suna fita suna cewa sai dai addu'a. Ni kuwa da nake roƙon Allah ya raba ni da la'asar, sai ga shi ya raba ni, amma in ladan ya kira sai in ji kamar in kurma ihu.

Wata safiya ban tafi makaranta ba. Na sami Inna tana tankaɗe, na durƙusa na ce mata ina so a ci gaba. Ta ci gaba da tankaɗe. Na ce kunnen ya daina ciwo, wanda ba gaskiya ba ne. Na ce in Baba ya mutu a haka, ni ba zan ƙara jin daɗin wannan kunnen ba ko ya warke. Ta ajiye rariya. Can ta ce, "Kai ɗan nan, ka san abin da kake sa ni?" Ta aika aka kira Kawu Sale. Ta gindaya sharaɗi: shi zai tsaya a tsakani, ba a taɓa ɓangaren hagu, kuma in ya ce a tsaya an tsaya. Da la'asar ita da kanta ta toshe mani kunnen da auduga, ta naɗe kaina da ɗankwalinta, ta yago sabon zane, ba tsoho ba, ta ɗaure mani hannu. Ta yi tofi a kai. Yaya ya ce shi ba zai iya ba, ya zauna a bakin rijiya ya haɗa kai da gwiwa, sai da Kawu ya kama hannunsa ya miƙar da shi.

Da ƙyar aka tokare Baba ya zauna, kansa na rinjaya. Muka tsaya. Yaya ya zagaya, na zagaya. Ya kai mani ɗaya a ƙirji, mai gaske, na ji shi har baya, amma idona a buɗe. Na ga Baba ya ɗago. Yaya ya sake matsowa, kuma saboda yana kaffa-kaffa da kunnena dole ya biyo ta dama, ni kuma na san ta nan zai biyo. Kafaɗarsa ta nutse. Maimakon in ja baya kamar kullum, sai na shiga ciki, na dasa ƙafa, na saki hannu da duk abin da ke cikina na watannin nan. Ya same shi a muƙamuƙi. Na ji ƙarar haƙoransa sun haɗu. Ya yi baya, ya yi baya, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya zauna yana kallona kamar bai san ni ba. Kawu ya ce, "Kisa!" Ni kuwa tsoro ne ya kama ni. Na tsaya hannu a sake, ban san abin yi ba, gani nake na kashe shi da gaske. Sai muka ji murya daga tabarma, a karkace, a hankali, kowace kalma kamar ana jawo ta daga rijiya: "Ɗaga… ɗan'uwanka."

Na ɗaga shi. Baba ya yafito ni da hannu, na je na durƙusa. Ya kai yatsu ya taɓa ɗankwalin da ke kaina, ya ja shi ya zame, ya ga audugar da tabon magani. Ya dubi Inna. Ba ta ɓoye masa ba, ta faɗa masa komai, tun daga ranar da aka kai ni asibiti har dalilin da ya sa muke yi. Ashe shi duk zatonsa sha'awar dambe ce ta kama mu, yana ganin gadonsa ne ya tashi a gabansa, bai taɓa kawowa a ransa cewa abincinsa muke saye da fuskokinmu ba. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba sai ranar. Ido ɗaya ne ke zubar da hawaye sosai, ɗayan yana binsa a hankali. Ya daɗe da tafin hannunsa a kan kunnena. Sannan ya saki, ya miƙa hannu ya jawo kwanon tuwo da kansa, ya gutsura da hagu ya kai baki, rabi na zubewa a rigarsa, ba tare da kowa ya ɗaga wa kowa hannu ba.

Bai warke ba. Hannun dama bai ƙara motsi ba, kuma maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi ba har ƙarshe. Amma ya ci abinci, ya yarda ana motsa masa ƙafa, kafin a kai amfanin gona gida yana iya jan jiki da sanda zuwa zaure. Ya hana mu gwaji har sai da kunnena ya rufe, da muka koma kuma shi ya tsara yadda za a yi: tsumma mai kauri, ba kullum ba, Kawu a tsakani. Sai dai ko a hakan bai taɓa yarda da na wasa ba. Daga baya ya bari samarinsa suka dawo, yana zaune a kujera a ƙofar gida yana gyara musu tsayuwa da bakin sanda. Ya ƙara damina uku a duniya, ya rasu wata safiyar Juma'a bayan ya sha kokonsa. Daga ni har Yaya babu wanda ya taɓa shiga fage.

Yanzu filin bayan ganuwa ya zama gidaje da shaguna, tsamiyar ma an sare. Dambe a waya ake kallonsa, yaran unguwa su taru a kan allo ɗaya suna ihu, mafi yawansu ba su taɓa jin nauyin hannun wani a fuskarsu ba. Ɗana yana zuwa wani wurin koyon faɗa a Kambarawa, inda ake sa musu hular soso da abin kāre haƙora, a shimfiɗa musu katifa, malaminsu na riƙe da usur. Nakan kai shi in tsaya a bakin ƙofa, in gode wa Allah da ya sa nasa da sauƙi, amma kuma in tuna cewa shi in sun gama gida yake komawa ya ci abincinsa, babu wanda ransa ke rataye a hannunsa, babu kuma idon da ke binsa irin wanda ya bi mu. Yaya Kabiru shi ke riƙe da teburin nama yanzu, furfura ta cika masa gemu. Kunnena na hagu bai dawo daidai ba. Ba mu taɓa zama mun yi maganar waccan damina ba, amma duk inda muka haɗu, ko a masallaci ko a wurin ɗaurin aure, sai ya zagayo ya zauna ta damana kafin ya yi mani magana. Ban taɓa samun wanda ya buge ni kamar shi ba, ban kuma sami wanda ya so ni kamar shi ba.